Abin da Ɗan'iya Ya Sa a Bakin Turai

Duk wanda ya taɓa aikin gini a Riyadh ya san idan zafi ya kai maƙura hukuma kan hana aiki a cikin rana, daga sha biyu har zuwa uku. A shekarar da abin nan ya faru, kamfanin su Ɗan'iya yana gina wani katafaren sito ne a unguwar Sulay, dab da masaukin ma'aikata, don haka da lokaci ya yi sai kowa ya ajiye cebur ya tako da ƙafa zuwa ɗaki. A yi salla, a ci shinkafar da babu abin yabo a cikinta, sannan a baje ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki mai tari kamar tsohon mashayin taba. Barci ba ya zuwa, hira kuma ta ƙare tun tuni, domin mutanen da suka shekara a ɗaki ɗaya sun gama jin labarin juna.

Mamane, wani Bamaraɗe mai son abin duniya, shi ya jajibo musu tsohuwar talabijin daga kasuwar gwanjo. Ƙwallo yake so da kokawa. Sai dai a wannan lokacin na rana babu mai nuna ƙwallo. Abin da ake nunawa shi ne wasan nan mai dogon zango da Larabawa ke kira musalsal, wanda aka tsara don matan gida, a ci gaba kullum daga inda aka tsaya jiya, ana katse shi da tallar sabulun wanki da man girki da ƙunzugun jarirai. Ranar farko suka kalla suna tsaki. Rana ta biyu suka kalla suna dariya. Kafin mako ya zagayo, ƙatti masu kanta a hannu sun koma cin abinci da sauri don kada a fara ba su.

Matsalar ɗaya ce, ba sa jin abin da ake faɗa. A nan Ɗan'iya ya shigo.

Ɗan'iya ɗan Fagge ne, ya fi kowa daɗewa a ƙasar, ya fi kowa baki. A gidajen kallo ya tashi, kuma yakan ce tun yana yaro idan aka saurari wasan kwaikwayon rediyo shi ke maimaita wa matan gidansu da muryar kowa. Larabcinsa kuwa, gaskiyar magana, na wurin aiki ne da na kanti: kawo, kai, nawa, gobe, babu matsala. Ya isa ya yi ciniki, ya isa ya yi wa mudir, shugaban wurin aiki, ƙorafi. Bai isa ya bi zancen mutanen da ke magana da sauri cikin kuka ga kiɗa yana tashi ba. Amma ranar da Mamane ya ce, "Ɗan'iya, kai da ka sha Larabci, me matar nan ke cewa?" sai girman kai ya hana shi cewa bai sani ba. Ya dubi fuskar matar, ya dubi hannunta, ya buɗe baki ya zuba.

Kuma ya iya, kada a rage masa. Ya raɗa wa matar suna Turai. Mijinta da ya tafi aiki a jirgin ruwa, wanda sai hotonsa ake gani a bango, ya zama Kyaftin. Akwai kuma wani saurayi mai gyararren gemu da ke zuwa gidan kusan kullum, ya kawo mata cefane, ya kai ɗanta makaranta, ya zauna su yi ta magana ƙasa-ƙasa. Wannan Ɗan'iya ya kira shi Ɗan Gayu, kuma tun ranar farko ya yanke hukunci cewa kwarto ne. Ba don ya ji wani abu ba. Don dai labarin ya fi daɗi a haka, kuma duk lokacin da ya ƙara gishiri ɗakin kan kaure da ihu.

Sunansa ya fita. 'Yan ɗakunan maƙwabta suka riƙa zuwa da tabarminsu. Aka bar masa wuri mafi kusa da sanyi, ana miƙo masa shayi ba tare da ya tambaya ba. Hatta Baba Sha'aban, dattijon ɗakin, wanda ya ce shi ba ya kallon shirme, yakan juya baya ya riƙe carbi, amma kunnensa na nan.

A cikin masu kallon akwai Basiru, ɗan Malumfashi, mai ɗaurin ƙarfe, yaro mai shiru-shiru wanda ko dariya zai yi sai ya rufe baki. Bai cika shekara da aure ba ya taho, kuma tun zuwansa bai sami hutu ba, kafil, ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, yana ta ce masa sai an gama wannan aikin. Ya bar matarsa Bilƙisu a gidansu wurin mahaifiyarsa, ya damƙa hidimarta a hannun ƙanensa Uwais. Uwais ke yi mata cefane, shi ke ɗaukarta a babur zuwa asibiti, sau da yawa ma ta wayarsa ake samunta idan tata ba caji. Basiru da bakinsa yake ba da wannan labari, yana sa wa ƙanen albarka.

Wata rana aka nuno Turai tsaye a gaban hoton mijinta, Ɗan Gayu yana bayanta. Ta yi wata doguwar magana tana share hawaye. Ɗan'iya ya gyara zama, ya siranta murya.

"Cewa take, 'Wannan na bango ai hoto ne. Hoto ba ya kai ni asibiti, hoto ba ya tambaya ta me na ci. Wanda ido ke gani kullum shi ne miji, ko da wani ya biya sadaki.'"

Ɗakin ya ɗauka. Mamane ya buga cinya yana cewa, "Kai, mata! Wallahi mata sai Allah!" Wani ya ce shi ya sa shi ya ƙi aure sai ya koma gaba ɗaya. Ɗan'iya ya ji daɗin kansa sosai, domin maganar ta fito masa fes ba tare da ya shirya ba. Bai lura Basiru ya ajiye kofin shayinsa bai ƙarasa ba.

Daga ranar Basiru ya canza wurin zama, ya dawo gaba. Ba ya ihu, ba ya dariya, sai tambaya. "Yaya Ɗan'iya, shi Kyaftin ɗin shi ya ce wa mutumin ya riƙa kula da gidan?" Ɗan'iya ya ce ƙwarai, ai amana ya ba shi. "To uwar mijin da ke gidan fa, ba ta gani?" Ɗan'iya ya ce tsohuwa me za ta gani, ai a gabanta ma ake komai ba ta sani ba. Duk amsar da ta zo bakinsa ita yake bayarwa, yana jin kansa malami.

Baba Sha'aban ne ya tare shi wata safiya a hanyar wurin aiki, ya ja shi gefe.

"Ɗan'iya, yaron nan ba ya cin abinci. Ya daina kiran gida, in an kira shi ba ya ɗauka. Jiya ya tambaye ni hukuncin mutumin da ke zargin iyalinsa yana nesa. Na ce masa zato zunubi ne, ya ce ai ba zato ba ne, abu ne da ake gani kullum, har Larabawa sun yi wasa a kai." Dattijon ya dube shi ido cikin ido. "Ni ban jin Larabcin nan nasu. Amma kai da kake ji, ka riƙa sassautawa."

Ɗan'iya ya ce to. Ya yi dariyar yaƙe, ya ce yaro ne, zai wuce. Amma ranar sau biyu ya zuba siminti a inda ba a ce ba, har mudir ya yi masa tsawa a gaban yara.

Da yamma ya tafi baƙala, kantin wani ɗan Yaman da ke bakin titi, kamar zai sayi burodi. Ya san mutumin yana da ƙaramar talabijin a kan firji, kuma a lokacin ake maimaita wasan rana. Ya yi sa'a ko rashin sa'a, ga Turai ga Ɗan Gayu a zaune. Ya tattaro ɗan Larabcinsa, ya nuna da yatsa, ya tambayi mai kantin wane ne wannan a wurinta.

"Akhuha," in ji mai kanti, ko ɗagowa bai yi ba. Ɗan'uwanta ne.

Ɗan'iya ya sake tambaya, yana haɗa yatsu biyu, ko dai masoyi ne. Mutumin ya ɗago ya dube shi kamar ya ga mahaukaci.

"Haram alaik, ya sadik! Uwa ɗaya, uba ɗaya!"

Sannan, da yake shi ma ya kamu da wasan, ya shiga bayani da baki da hannu, a hankali yadda baƙo zai gane. Mijin ya ɓace a teku, danginsa suna so su ƙwace gidan su ce ya mutu, ita kuma ta rantse ba za ta yarda ba, ƙanenta ne kaɗai ya tsaya mata. Ya ce a Turkiyya aka yi wasan, aka kai Siriya aka sa masa bakin can, shi ya sa ko shi wani lokacin sai ya kasa kunne. Ya ce matarsa a ƙauye ba ta ɗora tukunya sai an gama, kuma duk matan garinsu suna yi wa wannan baiwar Allah addu'a saboda haƙurinta.

Ɗan'iya ya fito da burodin da bai san ya saya ba. Kunya ta rufe shi tun daga ƙafa har ka. Matar da rabin duniya ke yabo da riƙon aure, shi ya mai da ta mazinaciya a ɗakin Sulay, don a miƙo masa shayi. Ya tsaya a bakin titi manyan motoci suna wucewa, yana jin kamar kowane direba ya san abin da ya yi.

Da mutum ne mai sauƙin kai, da a ranar ya je ya faɗi gaskiya. Amma Ɗan'iya ne. Sai ya ce a ransa bakin da ya ɓata shi zai gyara, ba sai kowa ya sani ba. Washegari da aka fara wasan ya sauya akala.

"Yau fa Turai ta dawo hayyacinta," ya ce. "Cewa take, 'Ni matar Kyaftin ce duniya da lahira. Ban taɓa cin amanarsa ba.'"

"Ƙarya take!" in ji Mamane. "Ba ita ce ta ce hoto ba miji ba ne?"

"To ai... gwada shi take yi. Shi ma Ɗan Gayun cewa yake ya ɗauke ta tamkar 'yar'uwa."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce duk haka suke cewa. Kuma kamar da gayya, a daidai lokacin Turai ta faɗa ƙirjin saurayin tana kuka, shi kuma ya sumbaci goshinta. Ɗakin ya rikice da sowa. Ɗan'iya ya yi ta ɗaga murya yana cewa ba haka ba ne, ba wanda ya saurare shi. Labarin ya riga ya fi ƙarfinsa.

Basiru ne kaɗai bai yi sowa ba. Ya ce a hankali, "Ka gani ko, Yaya. Har rantsuwa sun iya."

Ɗan'iya ya sake gwadawa washegari, da wadda ta biyo, abin sai ƙara lalacewa yake. Duk kyakkyawar maganar da ya sa a bakin Turai, sai a ce makirci ne. Ya daina shan shayin da ake miƙo masa. Idan ya haɗa ido da Baba Sha'aban sai ya sunkuyar da kai.

Ranar Asabar, ana cikin tallar sabulu, ya ga Basiru zaune ya ƙura wa wayarsa ido, tana ta haske tana ɗaukewa, bai taɓa ta ba. Fuskar yaron ta faɗa, idonsa ya yi zuru-zuru. Ɗan'iya ya miƙe ya je ya rage sautin talabijin har ƙasa.

"Kai, me ye haka? Yanzu za a dawo!" in ji Mamane.

"Ku saurare ni." Ɗan'iya ya juyo ya fuskance su. "Ni ba na jin abin da mutanen nan ke faɗa. Ban taɓa ji ba. Kalma ɗaya nake tsinta a cikin goma, sauran duk ni nake ƙirƙira."

Mamane ya fara dariya, ya duba ya ga shi kaɗai ke yi, ya haɗiye.

"Mutumin nan ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ku je ku tambayi mai baƙala. Matar nan ba ta yi komai ba, mijinta take jira. Maganar hoto da sadaki, ba ta faɗa ba. Ni na faɗa. Daga kaina ta fito."

A talabijin an dawo daga talla, Turai tana magana ba sauti, bakinta yana motsi. Ɗaya daga cikin 'yan maƙwabta ya naɗe tabarmarsa ya fice, wani ya bi shi. Baba Sha'aban ya juyo gaba ɗaya, karon farko tun da aka kawo talabijin ɗin, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗan'iya, da girmanka?"

Ɗan'iya ya bar wurin talabijin ɗin. Ya tako ya durƙusa a gaban Basiru, yaron da ya kusa haifa.

"Basiru, ka yafe mini don Allah. Kada ka yi wa iyalinka komai a kan maganata. Ka ɗauki wayar nan ka kira ta."

Basiru ya daɗe yana kallonsa. Ɗan'iya ya so a ce ya zage shi, ko ya kai masa duka, da ya fi sauƙi. Amma da yaron ya buɗe baki, muryarsa a kwance take.

"Na riga na kira, Yaya. Jiya bayan Juma'a."

"Ka sake ta?" in ji Baba Sha'aban da sauri.

"A'a, Baba. Da sakin ne ai da sauƙi, sai in mai da ta." Ya nuna wayar. "Cewa na yi a ba ta wayar a gaban Inna, a kira Uwais ya tsaya. Na tambaye ta me ke tsakaninta da shi. Na ce na san komai. Na ce wanda ido ke gani kullum shi ne miji ko?"

Ɗan'iya ya runtse ido. Maganarsa ce, ba a canza ko harafi ba.

"Me ta ce?" in ji Baba Sha'aban.

"Cewa ta yi, 'Ni, Basiru?' Sau biyu ta faɗa. Sai na ji wayar ta faɗi. Kafin magariba ta tafi gidansu. Uwais ya kwashe kayansa ya koma shagon abokinsa, ya ce ba zai sake kwana a gidan ba. Inna ce ke ta kira tun safe, so take in faɗa mata wanda ya kawo mini wannan magana, ta je ta same shi."

"Ba ni wayar," in ji Ɗan'iya. Har ya miƙa hannu. "Ni zan yi musu bayani. Zan ce ni ne, zan rantse musu, in ma so suke su tsine mini su tsine."

"Ka ce musu me?"

"In ce... in faɗa musu gaskiya."

"Ka ce wa Inna ɗanta ya zargi matarsa da ƙanensa saboda wasan talabijin? Wasan matan Larabawa, da ko jin sa ba na yi?" Basiru ya girgiza kai, hawaye suka zubo masa, bai share ba. "Ka ce wa mahaifin Bilƙisu haka? Wallahi gara su ci gaba da zaton wani munafuki ne a Malumfashi ya kawo mini tsegumi. Wannan ko ba komai mutum ne."

Hannun Ɗan'iya ya sauka a hankali.

Wayar ta sake haske a kan tabarma. Basiru ya dube ta, ya dubi matar da ke cikin talabijin tana ta magana ba wanda ke ji.

"Tashi, Yaya, ka daina durƙusa mini, ka girme ni," ya ce. "Kai Turai ka yi wa ƙazafi, ita kuwa ko a jikinta, ba ta ma san da mu ba. Bilƙisu ni na yi mata, da bakina, da Hausar da take ji."

Ya ɗauki wayar ya fita cikin ranar nan da aka hana kowa tsayawa a cikinta, ya ja ƙofar a bayansa. Ta jikin ƙofar suka ji ya ce, "Inna, ni ne," daga nan ba su ƙara jin komai ba sai kukansa.